Wa Ya Haɗa Jijiyoyin Idon Ɗanka?

Karatu daga Littafi Mai Tsarki: Zabura 139:13-16, Yahaya 9:1-7.

Ya ɗan'uwa mai karatu, a ce an yi maka haihuwa. An yi suna lafiya, baƙi sun watse. Ran nan da hantsi matarka tana ba jaririn mama a gindin darni, sai ta ga wani fari a tsakiyar baƙin idonsa, kamar ɗigon nono. Ta nuna wa mahaifiyarka. Tsohuwa ta ce, “Ƙyale shi, 'yata, idon jinjiri ne, in ya girma zai washe.” Maƙwabci ya ce a bari sai bayan girbi, in an sami kuɗin mota. Wani kuma ya ce likita ba ya taɓa idon jariri, sai yaro ya yi wayo. To, kai me za ka yi?

Kafin ka ba da amsa, zo mu duba yadda Allah yake ƙera ido. In ka gane wannan, za ka san abin da ya sa jira yake da hatsari.

Abin da yake bayan ido

Ido kamar ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya. Haske yakan shiga ta baƙin ido, ya ratsa wani ɗan madubi garau, ya sauka a bangon baya. A jikin bangon nan akwai wani tantani mai laushi wanda likitoci suke kira retina. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, wato kamar takarda uku ko huɗu in an haɗa su. A nan gani yake farawa.

An yi tantanin da ƙananan ƙwayoyin jijiya, an jera su sahu uku. Sahu na fari su ne masu karɓar haske. Waɗansunsu suna da siffar sanda, yawansu wajen miliyan 100 a ido ɗaya, da su kake gani da farin wata. Waɗansu suna da tsini kamar jinkar rumbu, wajen miliyan 5, da su kake rarrabe ja da kore, kake kuma sa zare a allura. Sahu na biyu su ne 'yan tsakiya, masu karɓar saƙo su tace shi su miƙa gaba. Sahu na uku kuwa 'yan aike ne. Kowane ɗan aike yana da dogon zare siriri. Zaruruwan nan, fiye da miliyan 1, sun taru wuri ɗaya kamar igiyar rama, suka fita ta bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Ita ce jijiyar gani.

Wurin da ƙwayar jijiya take gamuwa da 'yar'uwarta, shi za mu kira mahaɗa. Ba ƙulli ba ne. Akwai 'yar tazara a tsakaninsu, sai ta farkon ta saki ɗan sinadari, ta biyun ta ji shi, saƙo ya wuce. In mahaɗan nan ba su zauna daidai ba, ko da idon yana da kyau a duba, mutum ba zai gani ba. To, wa yake gaya wa kowane zare inda zai nufa?

Farkon gini

A mako na 4 bayan ciki ya shiga, ɗan tayi bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Sau da yawa uwar ma ba ta tabbata tana da ciki ba. A lokacin ne 'yan tsiro biyu suke fitowa daga ƙwaƙwalwar da ake ginawa, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowane tsiro yakan lotsa ya zama kamar ɗan ƙoƙo, cikin ƙoƙon shi yake zama retina. Ashe tantanin nan yanki ne na ƙwaƙwalwa da aka miƙo waje domin ya taryi haske.

Ƙwayoyin ba sa fitowa barkatai, suna bin juna bi da bi. 'Yan aike ne suke fara fitowa, masu siffar sanda kuwa suna cikin na baya. Wato akan shirya mai kai saƙo tun ba a sami saƙon ba. Haka mai lambun albasa yake yi, yakan gyara hanyoyin ruwa tukuna, sa'an nan ya saki ruwan. Ƙwayoyi masu iri ɗaya kuma sukan bar tazara tsakaninsu, kamar ramukan shuka a gona, don kada wani wuri ya cushe wani ya zauna fili.

Yadda zare yake samun hanya

A shekara ta 1890 wani likita na ƙasar Sipaniya, Santiago Ramon y Cajal, yana duban ɗan tsakon da bai fita daga ƙwai ba da madubi mai ƙara girman abu. Sai ya ga bakin kowane zaren jijiya mai tsirowa ya ɗan kumbura, yana da 'yan yatsu. Ya ce lalle da wannan baki zaren yake lalube, yana bin wani abu da yake jansa. Daga baya aka tabbatar da maganarsa. Ka san yadda yaɗon duma yake miƙa hannu har ya kama darni. Haka zaren yake yi, amma shi ba kowane wuri yake kamawa ba.

Tafiyar tana da wuya. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa igiyoyin ido biyu suna gamuwa a wata mararraba. A nan kamar rabin zaruruwan kowane ido sukan ƙetare zuwa wancan gefe, sauran su miƙe a gefensu. Kowane zare sai ya zaɓi tasa hanya.

Wani masani a Amurka, Roger Sperry, ya yi gwaji da kwaɗi daga wajen 1943. Jijiyar gani ta kwaɗo takan sāke tsirowa in an yanke ta, ta mutum kuwa ba ta yi. Ya yanke jijiyar, ya juya idon sama ta koma ƙasa, ya bar shi ya warke. Da kwaɗon ya soma gani, in ƙuda ya gitta ta sama, sai ya kai cafka ƙasa. Har abada bai koyi gyara ba. Sperry ya gane kowane zare ya koma tsohon mazauninsa a ƙwaƙwalwa, bai kula da cewa an juya idon ba. Ya ce lalle kowane zare yana ɗauke da shaida, mazauninsa kuma yana da shaidar da ta dace da ita. A 1995 masu bincike suka gano waɗansu sinadarai masu wannan aiki. Suna da yawa a gefe ɗaya, suna raguwa kaɗan kaɗan zuwa ɗaya gefen, kamar ƙanshin daddawa da yake ƙaruwa in kana kusato gidan da ake dafa ta. Zare yakan tafi har ya kai inda ƙarfin sinadarin ya yi daidai da nasa, ya tsaya.

Haka yake a cikin retina kanta. Waɗansu 'yan aike aikinsu su ce haske ya ƙaru, waɗansu su ce ya ragu. Rassan kowane iri sukan kwanta a nasu layi, su kama 'yan tsakiya na irinsu.

Ragi, da motsi cikin duhu

Manomi yakan zuba gero da yawa a rami ɗaya. In ya tsiro, wajen noman fari, sai ya cire waɗansu ya bar uku ko huɗu masu ƙarfi. Ido ma haka ne. Masu bincike sun ƙidaya zaruruwan jijiyar gani na ɗan tayi. A mako na 16 zuwa 17 sun kai wajen miliyan 3 da dubu 700. Kafin mako na 29 sun ragu zuwa wajen miliyan 1 da dubu 100. Waɗanda ba su sami mazauni ba sun mutu. Mahaɗai ma akan yi su da yawa, sa'an nan a rage.

Ta yaya ake sanin wadda za a bari? Ga wani abin mamaki. A 1988 masana biyu a birnin Pisa na Italiya, Lucia Galli da Lamberto Maffei, suka tarar 'yan aike na idon ɗan ɓera suna aika saƙo tun yana cikin uwarsa, tun masu karɓar haske ba su soma aiki ba. A 1991 Carla Shatz da abokan aikinta a Amurka suka ga yadda abin yake tafiya. Motsi yakan tashi a wani wuri na retina, ya bi ƙwayoyi maƙwabta, ya ratsa kamar yadda iska take kaɗa gero daga wannan gefen gona zuwa wancan. Ya lafa, can kuma ya sāke tashi a wani wuri. An ga wannan a dabbobi iri iri.

Ga amfaninsa. Ƙwayoyin da suke maƙwabtaka a ido sukan aika saƙo lokaci ɗaya, saboda haka ƙwaƙwalwa takan ƙarfafa mahaɗansu kusa da juna. Idon dama da na hagu kuwa ba sa motsi tare, don haka ake ware wa kowanne nasa wuri. Da aka tsai da wannan motsi da magani a 'ya'yan kyanwa tun suna ciki, zaruruwan ido biyu suka zauna a cakuɗe. Wato ido yakan koyi aikinsa a cikin duhu, tun bai taɓa ganin kome ba.

Aikin bai ƙare ran haihuwa ba

Sabon jariri yana gani, amma dishi-dishi. Ya fi ganin abin da yake nesa da shi da kamar santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta. Tsakiyar retina, wadda ake karatu da ita, ba ta gama nuna ba sai yaro ya kai wajen shekara 4. Daga ran haihuwa, haske ne yake ƙarasa aikin da aka fara cikin duhu.

A 1963 David Hubel da Torsten Wiesel, a Amurka, suka rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa tun suna ƙanana. Bayan 'yan watanni suka buɗe. Idon lafiyarsa lau, amma kyanwar ba ta gani da shi. A cikin ƙwaƙwalwa, zaruruwan buɗaɗɗen idon sun mamaye wurin ɗan'uwansa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Suka gane akwai ƙayyadadden lokaci. Ga kyanwa daga mako na 4 ne zuwa ƙarshen wata na 3. Ga ɗan adam watannin farko ne suka fi muhimmanci, ƙofar kuma tana ta rufuwa a hankali har wajen shekara 7 ko 8. An ba mutanen nan biyu lambar Nobel a 1981.

Yanzu mu koma ga jaririnka. Farin nan sau da yawa yana ce, ta rufe madubin ido tun daga haihuwa. Tsoho yakan yi shekara biyar da yana, a yi masa aiki ya gani, gama mahaɗansa sun kafu tun yana yaro. Jariri kuwa nasa ba su kafu ba. Kowane mako da ya wuce haske bai shiga ba, idon yana rasa wurinsa. Shi ya sa likitocin ido suke son cire yanar jariri cikin mako 6 zuwa 8 na farko. In aka jira ya shekara biyar, ko an cire ta, ganin ba zai zo sosai ba. Wani lokaci kuma farin alamar ciwon daji ne na retina, wanda yake kisa in an yi jinkiri, amma ana warkar da shi in an zo da wuri. Tsohuwa ta yi magana da ƙauna, amma a nan ba ta yi daidai ba.

Abin da za ku yi

1. Ke mai ciki, ki riƙa zuwa awo. Kada ki sha giya, kada ki sha ƙwayar magani ta kasuwa ba da izinin likita ba, tun ma a watanni uku na farko. In kin yi zazzaɓi da ƙuraje, ki faɗa wa likita. Tun 1941 wani likitan ido na Ostareliya, Norman Gregg, ya gano cewa ƙyandar Jamus, in ta kama mace a farkon ciki, takan sa a haifi yaro da yana.

2. Ku dubi idon jariri da rana, a wuri mai haske. In kun ga fari a tsakiyar baƙin ido, ku kai shi gidan likita cikin makon nan, ku roƙa a tura ku wurin likitan ido.

3. In idonsa ya kumbura yana fid da mugunya a watan farko, ku kai shi a ranar. Kada ku ɗiga masa fitsari, ko ruwan ganye, ko ku sa masa tozali.

4. Jariri ɗan wata 3 ya kamata ya dubi fuskar uwarsa, ya bi ta da ido. In ba ya yi, ko idonsa yana rawa, ko ido ɗaya ya karkace bai daina ba bayan wata 4, a duba shi. In likita ya ce a riƙa rufe lafiyayyen idon na 'yan sa'o'i kowace rana, ku yi. Ba mugunta ba ce, yana tilasta raunanan idon ne ya riƙe wurinsa.

5. Bakwaini yana bukatar kulawa ta musamman, gama jijiyoyin jini na retina ba sa gama yaɗuwa sai ciki ya kai wata tara. Ku roƙa a duba bayan idonsa kafin ya cika wata ɗaya.

6. Masu karɓar haske ba sa aiki sai da bitamin A. Yaron da ya rasa shi yakan yi dundumi, da magariba sai ya riƙa tuntuɓe. In abin ya yi tsanani, tun ma bayan baƙon dauro, ido yakan lalace. Kada ki zubar da dakashi, gama yana cike da bitamin A. Ku ba yara ganyen zogale, alayyafo, kabewa, mangwaro, gwanda, ƙwai, hanta da madara. Ku karɓi ɗigon bitamin A da ake ba yara sau biyu a shekara, daga wata 6 zuwa shekara 5. Ku kai su allurar rigakafin baƙon dauro a wata 9.

In kuɗin mota ne ya hana, ka faɗa wa fasto da dattawan ikkilisiya. Akuya ɗaya da aka sayar yau ta fi garke da za a sayar bayan lokaci ya wuce.

Abin da Maganar Allah take koya mana

Sarki Dawuda ba shi da madubin likita. Duk da haka a Zabura 139 ya yabi Allah domin shi ne ya yi shi a cikin uwarsa, yana kuma ganinsa a lokacin da ba wanda yake ganinsa. Masana sun nuna mana kaɗan daga yadda aikin yake tafiya, muna kuwa godiya. Amma ba su ne suka sa shaida a kan zaruruwan ba, tarar da ita suka yi. Uwar da take ɗauke da cikin ma ba ta ɗaura ko zare ɗaya ba. Tana daka, tana ɗebo ruwa, tana barci, ana aikin. Ɗanka aikin hannun Allah ne da aka ba ka amana.

Akwai gidajen da suke ɓoye yaro mai ciwon ido don kunya. Mutane sukan ce baki ne, ko sammu, ko alhakin uwa. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tunani. Da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san mai laifin, shi ko iyayensa. Yesu bai ɗora wa kowa ba. Ya nuna musu cewa Allah zai bayyana aikinsa a kan mutumin. Ya shafa masa laka a ido, ya aike shi tafkin Siluwam ya wanke. Mutumin bai zauna ba, ya tashi ya tafi. Kai ma ka yi addu'a, ka kuma tashi ka ɗauki yaron. Addu'a da zuwa asibiti ba sa gāba da juna.

Ka lura kuma da girman abin da Yesu ya yi. Mutumin nan babba ne, bai taɓa ganin haske ba, lokacin kafuwar mahaɗansa ya wuce da daɗewa. Amma ya komo yana gani. Wanda ya ƙera ido tun farko, shi ne yake da iko ya yi haka.

Ba kowane yaro ne zai warke ba, ko an yi ƙoƙari. In naka yana cikinsu, darajarsa ba ta ragu ba a wurin Allah. Kada ka tura shi bara. Akwai makarantun makafi inda ake koyon karatu da yatsa, da sana'a. Ikkilisiya kuma ta ba shi wuri a cikinta.

Zuciya ma tana da nata lokaci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Karin Magana 22:6 kuma tana gargaɗin iyaye su sa yaro a kan hanya tun yana ƙarami. Abin da yaro yake gani a gida kowace rana, addu'a ko zagi, gaskiya ko ƙarya, shi yake kafuwa a cikinsa. Kada ka ce sai ya yi wayo. Amma ga inda zuciya ta bambanta da ido. Ƙofar ido takan rufu, ƙofar alherin Allah kuwa a buɗe take muddin kana numfashi. Ko ka tsufa cikin duhun zunubi, Yesu Almasihu wanda ya mutu dominka, ya kuma tashi, yana da iko ya buɗe idon zuciyarka. Ka roƙe shi yau.

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya sa tsoho mai yana zai iya jira, jariri kuwa ba zai iya ba?

2. Waɗanne alamu ne a idon jariri za su sa ku tafi gidan likita?

3. Wane abinci mai bitamin A ake samu a garinku da rani, wane kuma da damina?

4. Akwai yaro mai ciwon ido ko makaho a unguwarku? Me ikkilisiyarku za ta yi masa a makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin ka ƙera idanunmu tun ba mu san kanmu ba. Ka ba mu lura da 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka kawar mana da kunya da jinkiri. Ka sa albarka ga hannun likitoci, ka ta'azantar da iyayen da suke baƙin ciki. Ka buɗe zukatanmu mu san Ɗanka. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.